Barasa, Askirim da Kalma 40: Yadda Ake Riƙe Zuciyar Sojan Ruwa a Tsakiyar Teku



Duk wanda ya yi makaranta a nan Ingila ya san sunan Nelson, ko yana so ko ba ya so. An koya mana yaƙin Trafalgar na 1805, wasunmu har an kwashe mu a bas an kai mu Portsmouth mun ga jirginsa, HMS Victory. Yaƙin nan kuwa na wuni ɗaya ne, ko ma in ce na 'yan sa'o'i. Abin da malamai ba su cika tsayawa a kai ba shi ne sauran kwanakin. Daga watan Yuni na 1803 har zuwa 20 ga Yuli 1805 da ya sauka a Jibralta, Nelson bai taka ƙasa ba. Shekara biyu cur a kan ruwa, yawancinta yana gadin bakin tashar Toulon yana jiran jiragen Faransa su fito. Shi ke nan fa mai ɗakin kansa da teburinsa da masu yi masa hidima. To ina ga sauran mutum 800 da 'yan kai da ke ƙarƙashinsa a jirgin?

A jirgi irin wannan, gurbin da doka ta ba kowane ƙaramin soja ya rataya shimfiɗarsa ta tamfol inci 14 ne a faɗi. Ku auna da hannu ku gani. Sauƙinta ɗaya, rabin mutane suna bakin aiki lokacin da rabi ke barci, sai gurbin ya ɗan buɗe. In an zo tasha kuma ba lallai a bar mutum ya sauka ba, don kyaftin ya san da yawa cikin mutanensa kamo su aka yi da ƙarfin tsiya, in suka taka ƙasa sai dai a ji labari. A 1797 da sojojin ruwa suka yi bore a Spithead, kusa da Portsmouth, suka ƙi ɗaga anga, babban kukansu albashi ne, wanda ya yi wajen shekara 140 ba a ƙara ba. Amma cikin buƙatun da suka rubuta har da a riƙa barinsu su sauka su ga iyalansu in an dawo gida. An ƙara albashin. Maganar sauka kuwa aka bar ta a hannun kyaftin, in ya ga dama.

Wannan ita ce matsalar da kowace rundunar ruwa ta gada har yau: yaya za ka riƙe ɗaruruwan samari cikin akwatin katako ko na ƙarfe wata da watanni, yau kamar jiya, gobe kamar yau, ba su cinye juna ba, ba su kuma juya wa shugabanninsu ba? Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, balle zaman da babu ƙofar fita. Ni dai abin da na lura da shi cikin wannan tarihi, dabarun da suka yi aiki su ne waɗanda suka ba mutum abin jira, wani abu can a gaba mai rana da lokaci, wanda kuma ya tabbata zai zo.

Amsar Birtaniya ta farko barasa ce. Da can galan guda na giya ake ba kowane soja a rana, tunda ruwan sha a ganga ba ya daɗewa yake wari. Amma giyar ma tana lalacewa a ƙasashen zafi. Bayan Ingila ta ƙwace Jamaika a 1655 sai aka fara maye gurbinta da rum, wato barasar da ake yi da rake. Kada mu wuce nan da sauri: rakensa bayi 'yan Afirka ne suke nomawa, suke yanka, suke matsewa. Jin daɗin sojan ruwan Ingila na wancan zamani daga gumin waɗannan bayin Allah ya fito. Rabon kowane mutum rabin pint ne a rana, wato sama da rubu'in lita, tsurarsa ba gauraye. Kai jama'a! Mutumin da ya sha wannan kuma shi za a ce ya hau igiya can ƙololuwar jirgi ya naɗe tamfol cikin iska.

Admiral Edward Vernon ne ya ga abin ya yi yawa. A ranar 21 ga Agusta 1740, yana Jamaika, ya ba da umarni a riƙa gauraya rabon da ruwa, kashi ɗaya na barasa kashi huɗu na ruwa, a gaban hafsa, a kuma raba shi biyu, safe da yamma. Sojoji suna yi masa laƙabi da Old Grog saboda wata alkyabba da yake yawan sawa, sai sunan ya bi gaurayen, aka riƙa ce masa grog. A 1824 aka rage rabon da rabi, aka ƙara shayi da koko. A 1850 aka sake ragewa da rabi, aka soke na yamma. Abin da ya saura shi ne ɗan kofi na mililita 71, sau ɗaya da hantsi, kuma haka ya zauna shekara 120.

Wani abin dariya, ko in ce abin takaici, maye yana cikin manyan laifuffukan da ake ɗaure mutum a yi masa bulala a kansu a zamanin jiragen katako. Hukumar da ta ba ka da safe ita za ta zane ka da yamma. Kuma hana mutum rabonsa na wasu kwanaki shi ma horo ne. Kun ga ke nan kofin nan alheri ne ta gefe ɗaya, linzami ta ɗaya gefen.

Amma a ƙarni na 20, da rabon ya zama ɗan kaɗan, darajarsa ta koma wani wuri daban. Da ƙarfe 11 na safe za a busa usur, kowane rukuni ya aiko wakilinsa ya karɓo, a zauna tare a sha kafin abincin rana. Shi ne lokacin hira, lokacin tsokana, lokacin da ake sasanta rigimar jiya. Ya ma zama kuɗi. In abokinka ya karɓe maka aikin dare, sai ka biya shi da kurɓi ɗaya daga kofinka. In alherin babba ne, ka bar shi ya yi kwankwaɗa guda. A littafin jirgi kowa da harafinsa: G ga mai sha, UA ga wanda bai kai shekara 20 ba, T ga wanda ba ya sha. Mai T ana ba shi taro a rana a madadin rabonsa. Wanda bai san taro ba ya tambayi iyayensa, kwabo uku ke nan na kuɗin da.

Ƙarshen abin ya zo ne da jiragen suka cika da na'urori da makamai masu linzami. A Disamba 1969 hukumar sojan ruwa ta ce wannan al'ada ba ta dace da irin aikin da ake yi yanzu ba. Tun 1967 dai an fara gwada numfashin direbobi a titunan Birtaniya, to yaya za a hana mutum tuƙa mota a kuma bar shi da rada? Har majalisa aka tafka muhawara a kai ranar 28 ga Janairu 1970, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ranar 31 ga Yuli 1970 aka raba kofi na ƙarshe. Wasu suka ɗaura baƙin ƙyalle a damtse, wasu suka yi jana'izar wasa suka jefa kofunan a teku. An ware fam miliyan 2.7 aka kafa asusun walwalar ƙananan sojoji, aka kuma ƙara musu gwangwanin giya ɗaya a rana. Kanada ta bi sahu a 1972, Niyu Zilan ta jinkirta har 1990.

Labarin da ya fi burge ni kam ba na barasa ba ne. A 1819 aka tura wani matashin hafsa, William Edward Parry, da jirage biyu, Hecla da Griper, ya nemo hanyar ruwa ta arewacin Kanada. A ƙarshen Satumba ƙanƙara ta rufe su a tsibirin Melville, ba su kuɓuta ba sai farkon Agusta 1820. Wata goma a wuri guda, mutum 94, kuma kusan wata uku a ciki rana ba ta fito ba ko kaɗan. Babu abokin gaba, babu tuƙi, babu komai sai duhu da sanyi. Irin wannan zama shi ke haukata mutane.

Parry bai jira abin ya lalace ba. Ya tsara yini kamar ana tsakiyar aiki: a tashi, a goge daɓe, a duba lafiyar kowa, musamman dasashi, don a nan ciwon rashin ɗanyen abinci ke fara nuna kansa. In iska ta hana fita, sai a sa mutane su yi ta zagaya saman jirgi da gudu ana juya musu akwatin kiɗa. Shi da kansa ya shuka ɗan ganye a akwati kusa da bututun murhu a ɗakinsa don marasa lafiya. Sannan ya buɗe gidan wasan kwaikwayo a cikin Hecla. An yi wasan farko ranar 5 ga Nuwamba 1819, daga nan kuma duk bayan mako biyu. Hafsoshi ne 'yan wasa, har da shi Parry ɗin, ƙananan sojoji su ne 'yan kallo. Matasan hafsoshi su ke fitowa a mata, cikin 'yan riguna marasa kauri, a dandalin da ruwa ke daskarewa. Ku duba hikimar: kwanaki ana kafa dandali, ana ɗinka kaya, ana haddace magana, bayan wasa kuma kwanaki ana maimaita abin dariya. Kafin a gama wannan na gaba ya ƙarato. Ga shi kuma soja ya samu damar yi wa mai gidansa dariya a fili ba tare da bulala ba. Suka kuma fitar da jarida ta mako-mako da hannu, North Georgia Gazette and Winter Chronicle, Edward Sabine ne editanta. Mutum ɗaya kacal suka rasa a duk tafiyar. A tafiyarsa ta biyu Parry ya ƙara da makarantar dare, ana koya wa sojoji karatu da rubutu.

Akwai kuma bikin tsallake layin da ya raba duniya biyu, inda wani tsohon hannu ke shigar sarkin teku, a kama duk wanda bai taɓa tsallakewa ba a shafe shi da ƙazanta a tsoma shi a ruwa. Charles Darwin ya sha wannan a jirgin Beagle a 1832. 'Yan uwanmu na Gana, wurin da ya fi kowane daraja a wannan biki yana kudu da gaɓarku, inda layin ya haɗu da na Greenwich. Wasan yakan wuce gona da iri ya koma zalunci, shi ya sa a shekarun 1990 Amurka ta sa masa dokoki.

Amurka ta bi wata hanya daban. Ta soke rabon barasa tun 1862, sannan daga 1 ga Yuli 1914 sakataren sojan ruwa Josephus Daniels ya haramta ta kwata-kwata a jiragen yaƙi, har ga hafsoshi. Me ya cike gurbin? Kofi, da askirim. Kada ku yi dariya, da gaske suke. A ranar 8 ga Mayu 1942, jirgin dakon jiragen sama USS Lexington yana cin wuta a tekun Coral, ana jiran umarnin kowa ya yi ta kansa, sai wasu sojoji suka fito da askirim ɗin jirgin suka zauna suna sha, wasu a cikin hular kwano, kafin su bi igiya su sauka ruwa. Manyan jirage suna da injin yinsa, ƙananan jiragen rakiya ba su da shi, sai aka samu wata al'ada: in ƙaramin jirgi ya tsamo matuƙin jirgin sama da ya faɗa teku, ya mayar da shi, a biya shi da galan-galan na askirim. A 1945 har wani jirgin dako na kankare aka mayar masana'anta a kan kuɗi dala miliyan 1, yana fitar da galan 10 duk minti 7, ana jansa a tekun Pasifik.

Duk da haka, babu abin da ke tayar da jirgi tsaye kamar a ce wasiƙu sun iso. Hukumomi sun san haka, shi ya sa suka kashe kuɗi a kai ana tsakiyar yaƙi. Birtaniya a 1941, Amurka a 1942, suka fara ɗaukar hoton wasiƙu a ɗan siririn fim, a ɗauke shi a jirgin sama, a wanke a can. Wasiƙu 150,000 da za su cika buhu 37 sai su shiga buhu ɗaya. Wurin da aka samu ya tafi ga harsashi, soja kuma ya ji daga gida cikin kwanaki maimakon watanni.

In kana son ka ga abin da ke faruwa idan abin jiran ya gushe, dubi USS Kitty Hawk. Ya bar San Diego a Fabrairu 1972 zuwa yaƙin Biyetnam. Wata takwas ana aiki ba dare ba rana, mutane sun sa rai da gida, sai aka ce a koma fagen daga. Dama akwai wuta a ƙasa: baƙaƙen fata su aka tara a ayyukan wahala, suna kuma ganin horon da ake yi musu ya fi na farare tsanani. A daren 12 ga Oktoba tura ta kai bango, faɗa ya ɓarke a cikin jirgin, sama da mutum 40 suka jikkata. Kusan duk waɗanda aka gurfanar baƙaƙe ne. Jirgin nan yana da askirim, yana da majigi. Wariya ce tushen rigimar, wannan ba a musu, amma ɗage ranar komawa gida ita ta kawo ashana kusa da fetur.

A 1980, lokacin rikicin Amurkawan da aka yi garkuwa da su a Iran, USS Nimitz ya yi kwana 144 a jere bai shiga tasha ba, USS Dwight D. Eisenhower ya yi 152. A shekarar ne aka sassauta dokar Daniels: in jirgi ya cika kwana 45 a teku, a ba kowa gwangwanin giya biyu. Gwangwani biyu me za su yi wa ƙato? Amma sun ba shi abin ƙirge. A 2020, da korona ta rufe tashoshi, USS Stout ya yi kwana 215 bai taɓa gaɓa ba. Eisenhower kuwa ya sake yin wata tara daga Oktoba 2023 zuwa Yuli 2024, yawanci a Bahar Maliya, ana ta ƙara masa wa'adi. Wannan karon akwai intanet a jirgin, mutum na iya aika saƙo gida daga wayarsa. Kyaftin ɗin, Chris Hill, yakan kira ƙaramin soja ya zaunar da shi a kujerarsa, ya ba shi biskit, ya sa hotonsa a intanet don iyayensa su gani.

Waɗanda ci gaban nan bai kai gare su ba su ne mutanen jiragen ƙarƙashin teku masu ɗauke da makaman nukiliya. Tun Afrilu 1969 ba a taɓa wayar gari babu irin wannan jirgi na Birtaniya ɗaya a ɓoye a teku ba. Suna tashi daga Faslane a Sikotland. Duk amfanin jirgin yana ga ɓuyarsa, don haka yana sauraro amma ba ya magana. Ba waya, ba amsa, yawancin mutanen ciki ba su ma san inda suke ba. Abin da suke samu shi ne saƙon iyali da suke kira familygram. A zamanin farko kalma 40 ce a mako, daga baya aka kai ta 120.

Zauna ka gwada, mai karatu. Mako guda na gidanku, yaro ya fara tafiya, an biya kuɗin haya, tsohuwa ta ji sauƙi, ƙungiyar ƙwallonsa ta ci, kana kewarsa, duk cikin kalma 40. Iyayenmu da suka zo ƙasar nan kafin waya ta yi araha sun san wani abu mai kama da wannan, lokacin da ake cika kaset da gaisuwa a ba matafiyi, a jira wata biyu kafin amsa. Amma su amsar tana zuwa. A nan mai aikawa magana yake cikin rijiya.

Kuma saƙon ba ya isa kai tsaye. Ana karanta shi a tudu, ana sake dubawa a jirgi kafin a miƙa. Mummunan labari ba ya wucewa. In mahaifin mutum ya rasu, jirgin ba zai taso ba, ba za a sauke kowa ba, sai kyaftin ya riƙe maganar a cikinsa, sau da yawa har ana dab da isa gida. Kafin a tashi akan tambayi kowa ko yana so a gaya masa irin wannan labari a teku ko a bari. Ni wannan tambaya ta fi duk labarin bulala da ƙanƙara nauyi a raina. Mu da ake binne mamaci a ranar, a yi zaman makoki a watse, ka dawo ka tarar har an yi arba'in. Ga wani abu kuma: tunda kowa ya san ana tace saƙo, makon da nasa bai zo ba, ko don mai aikawa ta makara ne kawai, sai zuciya ta fara saƙe-saƙe.

Sauran lokacin ana cika shi da abubuwan da Parry zai gane nan take. Ana gane ranar mako da abinci, kifi ranar Juma'a, gasasshen nama ranar Lahadi. Akwai gasar uckers, wani ludo nasu mai dokokin mugunta, akwai kacici-kacici, akwai daren wasan barkwanci inda ƙananan sojoji ke kwaikwayon manya.

An tsara wannan sintiri ne a kan wata biyu zuwa uku. Amma jiragen huɗu ne kawai, sun tsufa, gyaransu yana cin lokaci, kuma wanda ke teku ba zai dawo ba sai wani ya fita ya karɓe shi. A Satumba 2023 ɗaya ya shigo Faslane bayan sama da wata shida, jikinsa duk gansakuka. A Maris 2025 HMS Vanguard ya dawo, firaminista Keir Starmer ya je tarbarsa, jaridu suka ƙirga kwana 204. Mako 29 ke nan. In an bi lissafin kalma 120 a mako, duk abin da mutum ɗaya ya ji daga gida a tsawon tafiyar bai kai kalma 3,500 ba, wato bai kai ninki biyu na wannan rubutu da kuka karanta ba.